GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI: Yadda Marasa Hannuwa Ke Ɗaukar Nauyin Kansu

Mai hannu biyu ba ya ƙirga aikin da hannuwansa ke yi masa. Tun da asuba zai ɗauki buta, ya zura riga, ya ɗaure zariyar wando, ya kai loma baki, ya gaisa da maƙwabta, har ya isa ofis ya sa hannu a littafin zuwa aiki, bai tsaya ko sau ɗaya ya tuna da su ba. Harshen Hausa kansa ya nuna matsayin hannu, gama mawadaci shi ne mai hannu da shuni, talaka yana hannu baka hannu ƙwarya, wanda ya ƙware a sana'a kuwa a ce hannunsa ya faɗa. Saboda haka ran da mutum ya wayi gari babu hannuwansa, ko kuwa suna nan amma sun shanye, abin da yakan fara zuwa zukatan dangi shi ne ai tasa ta ƙare, sai dai a nema masa yaron da zai riƙe masa ƙoƙon bara.

Alhali kuwa abin da aka gani a ƙasashe da yawa cikin shekaru ɗari da 'yan kai da suka wuce ya saɓa wa wannan zato. Gwanintar rubutu da ta cin abinci da ta sana'a a ƙwaƙwalwa take zaune, hannu ɗan aike ne kawai, kuma in ɗan aike ya tafi ƙwaƙwalwa tana iya horar da wani, ko ƙafa, ko baki, ko guntun da ya saura. Abin da yake raba wanda ya ɗauki nauyin kansa da wanda ya ƙare a bakin titi, yawanci, shi ne ko ya sami mai koya masa, da kuma ko mutanen gidansu sun bar shi ya gwada.

Masu wannan lalura iri uku ne. Akwai wanda aka haifa babu hannu, akwai wanda aka yanke wa bayan ya yi wayo saboda haɗari ko yaƙi ko ruɓewar rauni, akwai kuma wanda hannuwansa suke nan amma ba sa motsi saboda shan inna ko karayar wuya da ta taɓa laka. Kowane iri da hanyar da ta fi dacewa da shi.

DARASIN YARAN JAMUS DA INGILA

Cikin 1957 aka fara sayar da wani maganin barci mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, aka kuma riƙa bai wa mata masu sabon ciki domin ya sauƙaƙa musu laulayi. Kafin a gane illarsa a janye shi daga kasuwa a ƙarshen 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa iri iri a ƙasashe sama da 40, da yawa daga cikinsu ba su rayu ba. A cikin waɗanda suka rayu, wasu ba su da hannu sam, wasu kuwa 'yan yatsu biyu ko uku ne suka tsiro musu a kafaɗa.

Likitoci da injiniyoyi suka duƙufa. A Heidelberg ta Jamus, da Edinburgh, da Landan, aka ƙera wa yaran hannuwan ƙarfe da roba masu aiki da iskar gas, wadda ake ɗurawa cikin wata 'yar tukunya a rataya wa yaro. An kashe kuɗi masu yawa, an kuma zuba basira. Amma da yaran suka yi wayo, galibinsu suka ajiye hannuwan nan suka ƙi sa su. Dalilansu kuwa masu hankali ne. Hannun yana da nauyi, yana da zafi, ba shi da sauri, kuma sai wani ya taimaka a ɗaura shi, watau abin da aka yi don ya raba yaro da dogara ga wani shi ne ya ƙara masa dogara. Babban aibinsa shi ne ba ya ji. Yaro ba zai san ko ya riƙe kofi da kyau ba sai ya zuba masa ido, alhali yatsun ƙafarsa suna jin sanyi da zafi da taushi da santsi kamar yadda hannun kowa ke ji. Da aka bar su, sai ga su suna cin abinci da ƙafa, suna rubutu, suna taje kai, daga baya wasunsu suka riƙa tuƙa mota suna kuma renon 'ya'yansu.

Wannan ba sabon abu ba ne. An haifi Carl Unthan a ƙasar Jamus cikin 1848 babu hannu ko ɗaya. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya hana mutanen gida su riƙa nuna wa yaron tausayi ko su gaggauta taimakonsa. Yaron ya tashi yana yin kome da ƙafa, har ya zama makaɗin gogen Turawa wanda ya zaga ƙasashe yana wasa. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya riƙa bin asibitocin soja yana nuna wa waɗanda aka yanke wa hannu yadda yake tafiyar da al'amuransa, don kada su yanke ƙauna. A wannan zamani kuma akwai Jessica Cox ta Amurka, wadda aka haifa cikin 1983 babu hannuwa. Ta sa hannun roba tana yarinya, ta ajiye shi tana da shekara 14, cikin 2008 kuwa ta sami lasin tuƙa ƙaramin jirgin sama, ƙafa ɗaya a kan sitiyari, ɗaya tana kula da maɓallai.

Masana sun leƙa dalilin wannan. Cikin 2019 wasu masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum biyu masu zane da ƙafa, waɗanda aka haifa babu hannu, suka tarar kowane yatsan ƙafarsu yana da gurbinsa dabam a ƙwaƙwalwa, kamar yadda yatsun hannu suke da shi ga sauran mutane. Ga masu hannu kuwa, waɗanda ƙafarsu ta saba zama cikin takalmi, ba a sami irin wannan tsari ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jaririn da aka bari ƙafarsa a sake, aka zaunar da shi a tabarma da kayan wasa kusa da yatsunsa, da kansa zai fara ɗauka. Wanda aka riƙa ɗura wa abinci a baki har ya shekara goma kuwa, an cuce shi da sunan ƙauna.

Sai dai ƙafa ma tana da iyakarta. Yaran talidomaid yanzu sun haura shekara 60, kuma da yawansu suna fama da ciwon ƙugu da baya da wuya, saboda shekarun da suka yi suna lanƙwasa jiki fiye da yadda aka halicce shi, wasu kuma haƙoransu sun lalace don yawan buɗe abubuwa da su. Shi ya sa masu horarwa a yau suke ba da shawarar a sassauko da tebur, a gyara kujera, a yi amfani da 'yan kayan taimako tun da wuri, domin a tanadi gaɓoɓi saboda tsufa.

WANDA AKA YANKE WA DA GIRMANSA

Babban mutum ƙugunsa ya riga ya sandare, da wuya ya iya kai ƙafa baki. Jarinsa shi ne dungun da ya rage, kuma saboda haka ne likitan fiɗa yake ƙoƙarin ceton duk abin da zai cetu, musamman gwiwar hannu. Mai dungu biyu a ƙasan gwiwa yana iya haɗa su ya ɗauki kofi, ya riƙe alƙalami, ya juya shafin littafi. In aka ɗaura masa wani ɗan maɗauri na fata mai aljihu, wanda kowane baduku zai iya ɗinkawa, sai a soka cokali a ciki, ko buroshin goge baki, ko fensir, ya yi aikinsa shi kaɗai.

Hannun da ya fi daɗewa yana amfani a duniya ba shi da kama da hannu ko kaɗan. Wani Ba'amurke mai suna Dorrance, wanda injin yankan katako ya cinye wa hannu, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista cikin 1912. Ƙugiya ce ta ƙarfe mai baki biyu, da waya wadda ta bi ta baya ta kama wani maɗauri a ɗaya kafaɗar. In mutum ya miƙa dungunsa ko ya buɗa kafaɗunsa sai wayar ta ja, bakin ƙugiyar ya buɗe, in ya saki kuma roba ta rufe shi. Ba ta bukatar batir, ƙura da gumi ba sa kashe ta, kuma gyaranta ba wuya. Akwai hannuwan zamani masu aiki da lantarki, waɗanda ke karɓar umurni daga motsin tsokar dungu, suna da kyan gani, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutane, kuma in sun lalace ba kowane gari ke da mai gyara ba.

Akwai wata dabara kuma wadda ba ta bukatar ƙarfe sam. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne jere da juna. Cikin 1917 wani likitan sojan Jamus, Hermann Krukenberg, ya gano cewa in aka raba ƙasusuwan nan biyu, aka rufe kowanne da fata, za su zama kamar awartakin maƙeri, suna buɗewa suna rufewa da ƙarfin tsokar mutum. Amfaninta shi ne fatar tana ji, shi ya sa ta fi dacewa da wanda nakiya ta raba da hannuwa da idanu gaba ɗaya, tun da makaho ba zai ga abin da ƙugiya ta kama ba. Aibinta kuwa ganinta yana da nauyi ga wanda bai saba ba, wasu majinyata saboda haka suke ƙin ta.

A Afirka ta Yamma an ga amfanin wannan dabara a Saliyo. A yaƙin basasar da aka yi daga 1991 zuwa 2002, 'yan tawaye sun riƙa datse hannuwan farar hula da adda don su firgita jama'a, har sukan tambayi mutum ko dogon hannun riga yake so ko gajere, watau a wuyan hannu za a sare ko a sama da gwiwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta Red Cross sun yi wa wasu daga cikin waɗanda suka rasa hannu biyu aikin Krukenberg a birnin Freetown, suka koma suna ci da kansu suna sa tufafi da kansu. Amma Saliyo ta koyar da wani darasi mai ɗaci. Yawancin waɗanda aka sare manoma ne, kuma iya cin abinci da kai ba ya kawo abincin. Da yawa daga cikin mazauna sansanonin da aka kafa musu a Freetown sun koma bara. Mariatu Kamara tana da shekara 12 aka datse mata hannu biyu cikin 1999, ita ma ta yi bara a titunan birnin. Abin da ya fid da ita shi ne makaranta, bayan ta sami zuwa Kanada. Cikin 2008 aka buga littafin tarihin rayuwarta, ta kuma zama wakiliyar Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya mai magana a kan yaran da yaƙi ya rutsa da su.

BAKI DA SANA'A

Wanda hannuwansa suka shanye, wani lokaci har da ƙafafu, bakinsa da wuyansa su ne abin dogaronsa. Da ɗan sanda mai taushin gindi da zai cije, yana iya buga tafireta ko kwamfuta, ya latsa waya, ya buɗe fayil. A yau kuma akwai wayoyi da kwamfutoci masu karɓar umurni da murya, har da waɗanda ake sarrafawa da motsin ido, ta haka aikin akawu da na lissafi da na koyarwa suka buɗe ga mutanen da a da ba a ko tunaninsu.

Arnulf Erich Stegmann, Bajamushe, shan inna ta shanye masa hannuwa yana ɗan shekara biyu. Ya koyi zane da buroshi a baki har ya riƙa ci da iyalinsa da shi. Cikin 1957 ya tara wasu irinsa a ƙasar Liechtenstein suka kafa ƙungiyar masu zane da baki da ƙafa, a kan sharaɗin ba za su karɓi sadaka ba. Ƙungiyar tana buga zanen 'ya'yanta a katunan gaisuwa da kalandu ta sayar, ta biya cikakkun membobi albashi kowane wata, ta kuma ɗauki nauyin masu koyo. Yanzu tana da ɗaruruwan membobi a ƙasashe da yawa. Hausawa sun riga sun faɗa, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano.

A Masar kuma akwai Ibrahim Hamadtou, wanda jirgin ƙasa ya raba da hannuwansa yana ɗan shekara 10. Yana buga ƙwallon tebur da mabugi a baki, yana cilla ƙwallon sama da yatsun ƙafa, kuma ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na naƙasassu a Rio cikin 2016, da kuma a Tokyo cikin 2021.

ABUBUWAN DA BA A FAƊA A FILI

Irin waɗannan gwanaye suna burge jama'a, amma masu aikin horar da naƙasassu sun san abin da ya fi damun majinyaci ba a filin wasa yake ba, yana cikin ɗaki da bayan gida. Cin abinci da rubutu suna samuwa da wuri. Sa wando da tsarki su ne masu wuya, su ne kuma masu taɓa mutunci, domin magidancin da sai ya jira wani kafin ya zaga ba zai iya zuwa aiki ba, ba zai iya tafiya ba, yakan ma rage shan ruwa don kada ya dami mutane. Maganin wannan sau da yawa ƙanƙane ne. Akan kafa ƙugiya a bango daidai ƙugu don a saƙala wando a ja shi sama ko ƙasa, a sa roba a madadin zariya, a ɗinka riga mai faɗin wuya marar maɓalli, a ɗaura ɗan zobe a jikin zif, a kafa famfon da ake takawa da ƙafa, a sauya mariƙin ƙofa mai murɗawa da wanda ake dannawa. Tela da kafinta da maƙerin unguwa sun isa su yi duk waɗannan, in an nuna musu.

Duk da haka akwai wanda ko an yi masa kome sai ya bukaci hannun wani, kuma a nan ne labarin Ed Roberts ya shigo. Shan inna ta kama shi a California ta Amurka cikin 1953 yana da shekara 14, ta shanye shi daga wuya har ƙasa, sai cikin wani akwatin ƙarfe mai taya shi numfashi yake kwana. Ma'aikatar jihar mai kula da horar da naƙasassu ta ga naƙasarsa ta yi yawa, ba zai taɓa yin aiki ba. Ya dage ya shiga jami'a a Berkeley cikin 1962, kuma daga gwagwarmayarsa da abokansa aka kafa cibiyar zaman kai ta naƙasassu a garin cikin 1972. Abin da suka tsaya a kai shi ne zaman kai ba yana nufin mutum ya yi kome da jikinsa ba, gama ba wanda ke yin haka ko cikin masu lafiya. Yana nufin shi ne zai zaɓi mai taimakonsa, shi zai faɗi lokacin tashi da abin da za a dafa da inda za a je. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnan jihar ya naɗa Roberts shugaban ma'aikatar nan da ta ce ba zai iya aiki ba.

A NAN GIDA

A ƙasar Hausa akwai wata hanyar rasa hannu wadda ake iya toshewa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kuka da yaran da ake kawo musu hannu ya ruɓe bayan ɗori. Yaro zai faɗo daga itace ya karye, a jera karare a ɗaure tamau, hannu ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya daina wucewa. In aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara baƙi, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko zogi ya ƙi lafawa, to a kwance nan take a nufi asibiti, don sa'o'i kaɗan ne tsakanin ceto da yankewa. Injin markaɗe da wayar lantarki da haɗarin babur su ma suna cin nasu rabo. Wanda ƙaddara ta riga ta faɗa wa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959, yana da sashen ƙera hannu da ƙafa na roba.

Al'ada ma tana da nata shinge. An tarbiyyantar da kowa ya ci da dama, ya karɓa da dama, kuma miƙa wa babba ƙafa rashin kunya ne. Yaron da ƙafarsa ce hannunsa, in aka kore shi daga akushi ko aka yi masa dariya a aji, zai ɓoye gwanintarsa ya koma jiran a ba shi a baki. Abin da yake bukata daga iyaye shi ne ruwan wanke ƙafa kafin ci, kamar yadda ake ba kowa na wanke hannu, da wuri a cikin 'yan'uwansa. Daga malamin makaranta kuwa, ɗan gajeren tebur da ƙarin lokaci a jarrabawa.

Doka ta riga ta yi nata. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta tanadi a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma haramta yawo da naƙasasshe don neman sadaka, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Cikin 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Saura aikatawa, wannan kuwa yana hannun ma'aikatan da ke zaune a kwamitocin ɗaukar aiki, da shugabannin makarantu, da ɗaliban da za su gaje su. Ran da takardar neman aiki ta iso teburin jami'i an rubuta ta da ƙafa ko da baki, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya karanta abin da ke ciki, ya auna shi da na sauran masu nema, in ya cancanta a ba shi aikin, a kuma sassauko masa da tebur.